Ragon Sallah daga ɗan kwangila: me doka ta ce?

Idan Babbar Sallah ta matso, duk mai bin unguwannin Maitama da Asokoro a Abuja yana ganin motoci na sauke raguna da buhunan shinkafa a ƙofar gidajen manya. Galibi ana cewa zumunci ne. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuwa ya yi magana a kan irin wannan zumunci, a Jadawali na 5, inda aka jera ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata.

Sakin layi na 6 ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati roƙo ko karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi, ko ya ƙi yi, a bakin aikinsa. An bar masa ƙofa ɗaya: kyautar 'yan'uwa da aminai, daidai gwargwadon abin da al'ada ta saba. Turmin atamfa daga ƙanwar uwa ranar suna ba laifi ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne kyautar kamfani, ko ta mutumin da ke da kwangila da gwamnati. Nan doka ta juya nauyin hujja: tun farko ana ɗauka an karya ƙa'ida, sai shi jami'in ya tabbatar da akasin haka. Wato ba sai an kama minista yana cewa "ba ni in sa maka hannu" ba. Mota daga hannun ɗan kwangilar da ke gina wa gwamnati titi ta isa a tuhume shi. A ganina wannan ne sashen da ya fi taɓa attajiran da ke juya gwamnati ta bayan fage, don ba kasafai suke ba da cin hanci da sunansa ba. Sai dai a ji "alheri" ko "gudummawa".

Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke karɓar ƙorafi, ta miƙa wa Kotun Ɗa'ar Ma'aikata da ke Jabi. Kotun na iya tuɓe mutum, ta hana shi muƙami har shekara 10, ta ƙwace dukiyar, kuma afuwar shugaban ƙasa ba ta shafi wannan hukunci ba.

Matsalar ita ce gano kyautar. Takardar bayyana kadarori ce za ta nuna wanda ya yi kuɗi dare ɗaya, amma hukumar kan ƙi nuna wa jama'a, bisa hujjar cewa Majalisar Tarayya ba ta tsara sharuɗɗan duba ta ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya fito da tasa fili a 2007, ganin damarsa ne, ba doka ta tilasta shi ba.