Me ake nufi da koyarwa daidai da matakin yaro?

Idan ka zauna da malaman firamare na wajen Wudil ko Dawakin Tofa, za ka iya jin suna ambaton TaRL, wato koyarwa daidai da matakin yaro. Abin nufi shi ne malam ya fara da yaro daga inda karatunsa ya tsaya, ko da wane aji yake.

Duk wanda ya taɓa riƙe aji huɗu a ƙauye ya san matsalar. Aji ya cika maƙil, wani yana karanta labari tsaf, wani kuwa baƙi da wasali ma bai gama rarrabewa ba, don damina ta riƙe shi a gona, wata kuma talla ke cinye mata safiya. Shi kuma malam manhaja na korar sa, dole ya kammala kafin hutu. Sai ya tafi da 'yan sahun gaba, sauran su yi ta kwafar allo ba su san abin da suke rubutawa ba.

A wannan tsari da gwaji ake farawa, kuma ba na takarda da biro ba. Malam zai zauna da yara ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa kowa takarda ya karanta a fili, cikin 'yan mintoci ya gane matakinsa: mafari, mai gane haruffa, mai karanta kalmomi, mai karanta sakin layi, ko mai karanta labari. Daga nan a ware wani lokaci kowace rana a raba su rukuni-rukuni, ɗan aji shida ya zauna da ɗan aji huɗu in matakinsu ɗaya. Lissafi kuma da tsinke ake yi, a ɗaura goma-goma, har yaro ya ga dalilin aro a ɗebewa da idonsa. Bayan 'yan makonni a sake gwaji, wanda ya ci gaba ya haye rukunin sama.

Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ƙirƙiro tsarin, masu bincike irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suka auna shi ta hanyar kwatanta makarantun da suka bi shi da waɗanda ba su bi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda bai yi aiki ba. A jihohin Bihar da Uttarakhand an horar da malamai an raba littattafai, amma karatun yara bai motsa sosai ba, don malamai sun koma wa manhaja. A Haryana kuwa, da aka ware sa'a guda kullum, jami'an sa ido da suka koyar da tsarin da kansu suka riƙa zagayawa, sai aka ga bambanci.

A Kano shirin KaLMA, na inganta karatu da lissafin yara, ya fara gwada shi a 2019, a aji huɗu zuwa shida, tare da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da hukumar raya al'adu ta Birtaniya (British Council). Shi ya sa idan na ji an ce an kai tsarin wata makaranta, ba na tambayar kwana nawa aka yi ana bita. Nakan tambayi hedimasta wane lokaci ya ware a jadawali, kuma yaushe rabon wani ya shigo aji ya ga yadda malam ke yi.