Waiwaye: Ina Ƙarfin da Ya Juyo Daga Eriya Yake Zuwa?

Har yau masu harkar rediyo na ta ja-in-ja kan tambaya ɗaya: idan eriya ba ta dace da wayarta ba, wato om ɗinsu (ma'aunin turjiya ga lantarki) bai zo ɗaya ba, wani kaso na ƙarfin da tiransimita ta aika ya juyo baya, tiransimita ce ke shanye shi ya zama zafi? Gardamar ba ta yau ba ce.

Lissafin ma ya girme ta. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masanin lantarki ɗan Birtaniya Oliver Heaviside ya bayyana yadda igiyar lantarki ke bin waya ta kuma juyo. A 1973 injiniya Walter Maxwell ya fara jerin maƙalu a QST, mujallar masu sha'awar rediyo ta Amurka, yana cewa ƙarfin ba ya salwanta, eriya yake komawa. A 1991 wani injiniyan, Warren Bruene, ya ƙalubalanci wani ɓangare na hujjarsa. Wannan kowa ya sani.

Abin da ake tsallakewa, kuma a ganina nan gizo ke saƙar, shi ne shekarun 1950. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wayar kowaks mai om 50, wadda ke haɗa tiransimita da eriya, ta wadata, sai ga ƙaramar mita mai araha ta hau teburin kowa, da maɓalli mai gefe biyu: "mai tafiya" da "mai dawowa". Ka murɗa, allura ta nuna wat 100, ka sake murɗawa, ta nuna 25. Dole zuciya ta raya maka koguna biyu, ta kuma nemi inda na biyun ke zubewa. Alhali mitar ba ta ga kogi ba. Bolt da amfiya take aunawa a wuri guda, ta tara, ta ɗebe. Bambancin, wat 75, shi ne abin da ke wucewa zuwa eriya.

Ga misali a kusa da ke nuna cewa zafin ba ya bin ƙarfin "mai dawowa" da mitar ke nunawa. Ɗauki tushen wuta mai bolt 100 da resista (abin da ke rage gudun wuta) mai om 50 a jere, a madadin tiransimita, ka haɗa masa wayar da ba ta asara, mai tsawon rabin zangon igiya. In abin da aka haɗa a ƙarshen wayar ya dace da ita, resistar na cin wat 50. Bar ƙarshen a buɗe: mita za ta ce 50 sun tafi, 50 sun dawo, amma resistar sanyi ƙalau, domin wuta ba ta ratsa ta. Yanzu haɗe bakin wayoyin biyu da juna a can ƙarshen. Amfiya 2 ke bi ta cikinta, tana ƙuna da wat 200, allurar mita kuwa tana nan kan 50, ko gezau.