Sashe na 10 bai hana salla a makaranta ba

Saƙon nan da ake ta turawa a WhatsApp, wai tsarin mulki ya haramta salla da addu'ar safe a makarantun gwamnati, ya kai har teburan masu shayi a Wunti da ke cikin garin Bauchi. Ba haka dokar ta ce ba.

Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 jimla ɗaya ce tak: gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Hannun gwamnati aka ɗaure, ba a taɓa ɗalibi ba. Shi ya sa a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 2, ta ce Jihar Legas ba ta da ikon hana ɗalibai mata sanya hijabi.

Inda ake rikicewa shi ne sashe na 38(2). Abin da ya hana tilastawa ne. Ba za a sa yaro dole ya zauna darasin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba, ko ya shiga ibadarsa. A makaranta irin ta Yelwa, inda Musulmi da Kirista ke zama benci ɗaya, a koyar da darussan biyu, kowa ya shiga nasa. Shugaban makarantar da ya ce kowa sai ya tsaya waƙar coci, ko kowa sai ya yi sahu, ya taka doka ko da niyyarsa tarbiyya ce.

To Islamiyya da makarantun mishan fa? Sashe na 38(3) ya ba su damar koyar da addininsu, muddin su kaɗai ke ɗaukar nauyin makarantar. Amma a lura, 'ya'yan mabiyansu ya ambata. Biyan kuɗin makaranta ba ya nufin uba ya sallama addinin ɗansa, kuma a ganina daidai ke nan.

Babu hukuncin ɗauri a sashe na 38. Wanda aka tauye wa haƙƙi zai je Babbar Kotun Jiha ƙarƙashin sashe na 46, da takardar rantsuwa mai bayyana rana da abin da ya faru, ya nemi a hana ci gaba ko a biya shi diyya. Ƙa'idojin kotu na 2009 kan ƙararrakin haƙƙin ɗan Adam sun cire wa'adin shigar da irin wannan ƙara. Abin da ke kayar da mutane shi ne zuwa da "an ce", ba takarda ba shaida.