Tallafin Gwamnati Kaɗai Zai Iya Riƙe Gida a Birtaniya? Fashin Baƙin Dokar Universal Credit

Duk lokacin da hira ta kai ga Ingila, ba a rasa wanda zai ce, "Ai can ko ba ka aiki gwamnati za ta ba ka gida, ta ciyar da kai, har ta biya ka kuɗin 'ya'ya." Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Tallafin yana nan, doka ce ta kafa shi, kuma miliyoyin mutane na karɓarsa duk wata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne nawa ne kuɗin, me ake zabtarewa kafin ya shigo hannu, kuma wa aka yarda ya nema.

Babban tallafin da ake bai wa waɗanda ba su kai shekarun fansho ba sunansa Universal Credit. Dokar gyaran tsarin jin daɗin jama'a ta 2012 ce ta samar da shi, zamanin gwamnatin David Cameron, lokacin da Iain Duncan Smith ke riƙe da Ma'aikatar Ayyuka da Fansho. An fara biyansa a 2013, ya haɗiye tsofaffin tallafi guda shida, ciki har da na masu neman aiki da na kuɗin haya da na yara. Alƙaluman da ke cikin wannan bayani na shekarar kuɗi ta Afrilun 2025 zuwa Afrilun 2026 ne, domin kowane Afrilu ana sake duba su.

Tushen tallafin shi ne kason kai, wato kuɗin ci da sha da sutura da wuta. Wanda yake shi kaɗai kuma ya kai shekara 25 yana samun fam 400.14 a wata. Idan bai kai ba, fam 316.98. Miji da mata, muddin ɗayansu ya kai 25, fam 628.10 ne su biyun, a asusu ɗaya. A kan wannan ake ɗora kason yara, fam 292.81 kowane yaro, sai ɗan fari da aka haifa kafin 6 ga Afrilun 2017 da ke samun fam 339. Sannan ga kason haya, ga na naƙasa ko rashin lafiya ga wanda aka tantance, ga kuma mayar wa iyaye masu aiki har kashi 85 cikin ɗari na kuɗin rainon yara. Akwai wani tsohon tallafin yara daban da ake biya bisa lissafin mako: fam 26.05 na babban yaro, fam 17.25 kowane ƙaninsa.

Wanda ya juya waɗannan kuɗaɗe zuwa naira ko sefa zai ce ai an gama da talauci. To amma fam ake kashewa a can, kuma babu inda doka ta ce sai an auna abin da mutum ke bukata kafin a yanke adadin. Abin da aka saba yi shi ne a ɗauki adadin bara a ƙara masa gwargwadon hauhawar farashin watan Satumba. Ko wannan ma ba kullum ba: daga 2016 zuwa 2020 an daskarar da kuɗin shekara huɗu cur, kaya na tashi, tallafi na tsaye. Lokacin annobar korona an ƙara fam 20 a mako, aka janye a Oktoban 2021. Gidauniyar Joseph Rowntree da ƙungiyar Trussell mai rumbunan rabon abinci sun zauna sun lissafa abin da ba makawa sai an saya, abinci da wuta da ruwa da sabulu da kuɗin mota da waya, ban da haya, suka ce baligi ɗaya na bukatar aƙalla fam 120 a mako. Kason kai na wanda ya kai 25 kuwa kusan fam 92 ne a mako. Ga wanda ba shi da iyali, amsar tambayarmu ta fito ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Lamarin mai iyali ya fi sarƙaƙiya, kuma haya ce ke yanke hukunci.

Wanda ke zaune a gidan ƙaramar hukuma ko na ƙungiyoyin gidaje masu rangwame, galibi ana biya masa hayar duka. Sai dai idan aka ga yana da ɗakin da ya wuce bukatarsa, za a rage kashi 14 cikin ɗari. Ɗaki biyu ko fiye, kashi 25. Irin waɗannan gidaje kuwa layinsu dogo ne, a wasu biranen ana shekaru ana jira. Mai haya a gidan ɗan kasuwa shi ne ke shan wuya. Gwamnati ba ta duba abin da mai gida ya yanka maka. Tana da nata ma'aunin na kowane yanki, wanda aka tsara domin ya isa hayar gidaje 30 mafiya araha cikin kowane ɗari. An daidaita ma'aunin a Afrilun 2024, sannan aka bar shi a tsaye a shekarar da ta biyo baya, haya kuwa ba ta tsaya ba. Duk abin da ya haura ma'aunin, daga kuɗin cefane zai fita. Wanda bai kai shekara 35 ba kuma ba shi da iyali, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai za a ba shi.

Sai kuma rufin da aka yi wa tallafin gaba ɗaya, wanda aka fara a 2013. Gidan ma'aurata ko mai yara da babu mai aiki a cikinsa ba zai karɓi abin da ya wuce fam 22,020 a shekara ba idan a wajen Landan yake, wato fam 1,835 a wata, ko fam 25,323 a cikin Landan. Hayar tana ciki, tallafin yara na mako yana ciki.

Mu buga lissafin da misali. Miji da mata, sun haura 25, yara biyu da aka haifa bayan 2017, suna zaune a wajen Landan, babu mai aiki. Kason kai fam 628.10, na yara 585.62, tallafin yara na mako idan aka mayar da shi na wata kusan 187.63. Jimilla fam 1,401.35. Mu ƙaddara hayarsu fam 800 ce, kuma ma'aunin yankinsu ya amince da ita duka. A takarda sun cancanci fam 2,201.35. Amma rufin ya ce 1,835, don haka sama da fam 366 sun tafi. Su biya mai gida 800, saura fam 1,035 na mutum huɗu, kusan fam 239 a mako. Daga ciki za a biya wuta da gas, waɗanda a ƙarshen 2025 hukumar kula da makamashi ta ƙiyasta cewa matsakaicin gida na kashe kusan fam 1,755 a shekara a kansu, kuma ɗumama gida a sanyin Ingila ba ƙawa ba ce. Ga kuɗin ruwa, ga waya da intanet, tunda ta intanet ake tafiyar da asusun tallafin kansa. Ga harajin ƙaramar hukuma, wanda rangwamensa sai an nema daban, kuma ƙananan hukumomi da yawa a Ingila sai sun ce ka biya wani abu komai talaucinka.

Za a ci abinci a wannan gida. Makaranta kyauta ce, yara za su samu abincin rana kyauta, asibiti ba a biya. Amma ranar da firji ya mutu, ko yaro ya girme takalminsa ana tsakiyar zango, babu inda za a ciro kuɗin sai a bakin tukunya. A shekarar 2023 zuwa 2024 rumbunan Trussell sun raba ƙunshin abincin gaggawa sama da miliyan 3.1, kuma mafi yawan waɗanda ake turawa can masu karɓar tallafi ne.

Yanzu a ce mijin ya samu ɗan aikin da ke kawo fam 900 a wata. Da zarar abin da gida ke samu ta hanyar aiki ya kai fam 846, rufin ya tashi daga kansu. Mai yara da ke karɓar kason haya ana yafe masa fam 411 na farko na albashi, sauran kuma a kowane fam ɗaya ana rage masa kwabo 55 daga tallafi. Ragin nasu bai kai fam 269 ba. Idan aka haɗa komai aka cire haya, abin da ya rage musu ya haura fam 2,030. Aikin fam 900 ya ƙara musu kusan fam 1,000. Ba kuskuren lissafi ba ne, haka aka tsara dokar: zama ba aiki ya yi zafi, aiki ko kaɗan ne ya fi. A ganina wannan hujja tana da ma'ana ga lafiyayyen da ke garin da ake samun aiki. Ga uwar da take ita kaɗai da jariri a goye, rufin horo ne kan laifin da ba ta yi ba. An dai cire wasu daga ƙarƙashinsa: masu karɓar tallafin naƙasa, masu jinyar naƙasasshe, da wanda ya shekara yana aiki kafin ya rasa, shi ana ɗaga masa ƙafa wata tara.

Dokar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce ta 'ya'ya biyu. Daga 6 ga Afrilun 2017 aka daina biyan kason yaro na uku da na bayansa da aka haifa daga wannan rana, sai a wasu 'yan lokuta kamar haihuwar tagwaye. Gidaje masu yara da yawa ta fi yi wa illa. A kasafin kuɗin 26 ga Nuwamban 2025, ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da soke ta daga Afrilun 2026. Amma rufin yana nan daram. Ma'ana, gidan da tuni ya taɓo rufin, ko an ƙara masa kason yaro na uku da na huɗu, ba kwabon da zai ƙaru a asusunsa.

Akwai kuma abin da ke cin kuɗin tun kafin a fara. Bayan wata ya cika ake biya, don haka wanda ya nema yau sai ya jira kusan mako biyar kafin kuɗin farko. Wanda ba zai iya jira ba ana ba shi na toshe ɓaraka, amma bashi ne, ana cira cikin wata 24. Haka gidaje da yawa ke shiga tsarin da bashi a wuya. Idan akwai tsohon bashin haya ko kuɗin da aka taɓa biyan mutum fiye da ƙima, shi ma daga nan ake cira. Da ana iya zabtare har kashi 25 na kason kai, a Afrilun 2025 aka sauko da shi zuwa 15.

Kuma ba a kwance ake karɓa ba. Mai lafiya yana sa hannu a yarjejeniya da jami'in Jobcentre, wato ofishin gwamnati na masu neman aiki, ana iya bukatar ya shafe awa 35 a mako yana neman aiki, yana rubuta abin da ya yi. Ya ƙi zuwa ganawa ba tare da uzuri ba, a tsayar masa da kason kai. Ya ƙi aikin da aka ba shi ko ya ajiye nasa haka kawai, horon na kai kwana 91, idan ya maimaita 182. Ajiya ma ana dubawa: har fam 6,000 ba a taɓa ka, daga nan kowane fam 250 na rage maka 4.35 a wata, idan ta haura 16,000 babu tallafi kwata-kwata. Fili ko gidan da mutum ya mallaka a wata ƙasa yana cikin dukiyar da dole a bayyana. Sannan tsarin bai san auren mace fiye da ɗaya ba. Uwargida da miji ne ma'aurata, wadda ta biyo baya ita kaɗai za ta nema.

Inda mutum yake zaune ma yana kawo bambanci. Gwamnatin Sikotland tana ƙara wa gidajen da ke karɓar tallafi fam 27.15 a mako kan kowane yaro da bai kai 16 ba, abin da babu shi a Ingila.

Saura abin da ya fi shafar namu mutanen. Duk wannan lissafi na ɗan ƙasa ne da wanda ya samu takardar zama na dindindin da wanda aka amince da shi a matsayin ɗan gudun hijira. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Gana da ya shiga da bizar karatu, ko ta aiki kamar masu kula da tsofaffi, ko ta bin miji ko mata, kusan kullum akwai sharaɗi a bizarsa cewa ba shi da rabo a kuɗin gwamnati. Tushen sharaɗin shi ne sashe na 115 na dokar shige da fice da neman mafaka ta 1999. Babu Universal Credit, babu kason haya, babu tallafin yara, ko da yana biyan haraji duk wata. Asibitin ma galibi ya riga ya biya kuɗinsa tare da biza, fam 1,035 a shekara ga baligi, ɗalibi fam 776. Idan ya karɓi tallafin da bai cancanta ba ya karya sharaɗin biza, kuma hakan na iya sa a ƙi sabunta masa. Don haka 'yan'uwan da ke gida suna jiran aike bisa zaton gwamnati ce ke ciyar da ɗan'uwansu, su sani gumin jikinsa ne.

Wanda ke ƙarƙashin sharaɗin kuma ya shiga matsi, ƙofofin da suka rage ƙalilan ne. Idan ta hanyar iyali ya samu izinin zama, yana iya roƙon Ma'aikatar Cikin Gida ta ɗage masa sharaɗin, matuƙar ya kawo shaidar cewa ya rasa matsuguni ko abin ci. Idan akwai yara, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma a Ingila nauyin duba halin duk yaron da ke cikin bukata, ko wace irin takarda iyayensa ke riƙe da ita. Mai neman mafaka da ba a yanke masa hukunci ba yana wani tsarin daban: ana ba shi masauki a inda gwamnati ta zaɓa, da fam 49.18 a mako, kuma galibi ba a yarda ya yi aiki ba.