Waiwaye: kiɗan jita kai tsaye a ƙananan wuraren shaƙatawa na Jos

Yaran yanzu in ka ce musu kiɗan rok sai su ɗauka abin Amurka da Ingila ne kawai, alhali ƙasar nan ma ta yi nata zamanin. Da aka gama yaƙin basasa a 1970 samari suka rungumi jitar lantarki, ƙungiyoyin makaɗa irin su BLO da Ofege a Legas, Funkees a Aba, kuma Jos ba a bar ta a baya ba, don dama haƙar kuza ta riga ta tara Birom da Hausawa da Ibo da Yarbawa da Turawa a gari ɗaya, dare na yi ma'aikata na neman inda za su huta, otal-otal da kulob kuwa na neman makaɗa. A nan Sahara All Stars suka taso har suka fitar da faifai a shekarun 1970. Ɗan Maraya Jos shi kuma yana nasa da kuntigi, duk a gari ɗaya fa.

Abu biyu ne suka karya harkar a ganina. Na farko kuɗi, mai otal ya lissafa ya ga maimakon ya biya mutum biyar ko shida da jita da ganguna da lasifika gara ya ɗauko DJ ɗaya ya sa kaset, daga baya kwamfuta, shi ke nan. Na biyun ya fi ciwo, rikicin Satumban 2001 da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, aka dinga sa dokar hana fita, unguwanni suka rabu, wanda ke Bauchi Road ba zai yarda ya kai dare a Rayfield don jin kiɗa ba, to wa za ka kaɗa wa?

Gaskiya coci ce ta riƙe makaɗan. Can yara suka ci gaba da koyon jita da ganga da piyano duk Lahadi, mawaƙin coci Panam Percy Paul ma a Jos ya kafa sansaninsa. Amma waɗanda suka yi suna daga garin, P-Square da M.I da Ice Prince, Legas suka nufa, don can kamfanonin waƙa da kasuwa suke.

Waɗanda suka rage su ne nake jin su a raina wallahi. Ba kamfanin da ya ɗauke su, su ke haɗa kuɗin hayar kayan sauti, su sayi man janareta, su tallata kansu a Instagram da WhatsApp, sannan su hau ɗan dandamali a lambun shaƙatawa gaban mutanen da ba su cika wurin ba, kuma da sun fara waƙarsu ta kansu sai wani ya ɗaga murya a yi masa wadda ya saba ji a rediyo. Kuɗin ƙofa sau da yawa ko motar da za ta mayar da gangunan gida ba ya biya, duk da haka mako na zagayowa za ka gan su sun dawo suna ɗaura wayoyi tun la'asar.