Gadar Edmund Pettus

Gadar Edmund Pettus gada ce ta ƙarfe da ta ratsa Kogin Alabama a garin Selma, cikin jihar Alabama ta Amurka. An buɗe ta a 1940, aka raɗa mata sunan Edmund Pettus, janar a rundunar Kudu lokacin yaƙin basasar Amurka, wanda daga baya ya zama sanata. Ana kuma danganta shi da shugabancin Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙen fata, a jihar.

Tarihi

A farkon 1965, baƙaƙen fata sun fi rabin mutanen gundumar Dallas, inda Selma take, amma kusan kashi 2 cikin 100 kaɗai daga cikinsu ke da rajistar zaɓe. Da wani ɗan sandan jiha ya harbe Jimmie Lee Jackson, wani baƙar fata mai fafutukar neman 'yancin zaɓe, a garin Marion cikin watan Fabrairu, sai aka shirya tattakin neman 'yancin zaɓe daga Selma zuwa Montgomery, babban birnin jihar, tafiyar kilomita 87.

Ranar Lahadi 7 ga Maris, kimanin mutum 600 suka fito bibbiyu a jere, jagororin fafutukar John Lewis da Hosea Williams na gaba. Gadar tana da doro a tsakiya, don haka sai da suka hau kansa suka hango 'yan sanda sun tare hanya. Aka ba su minti biyu su watse. Lokacin bai ma cika ba aka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, wasu maharan a kan dawakai. An fasa wa Lewis ƙashin kai, Amelia Boynton, wata 'yar fafutuka, kuma aka doke ta har ta suma a kan titi. Masu tattakin ba su riƙe ko sanda ba. A daren aka nuna hotunan a talabijin, hankalin ƙasar ya tashi.

Bayan kwana biyu Martin Luther King ya jagoranci jama'a zuwa gadar, suka yi addu'a suka juya. Sai da alƙali Frank Johnson ya ba da izini aka tashi ranar 21 ga Maris, aka isa Montgomery ranar 25, jama'a sun kai wajen 25,000. Ranar 6 ga Agusta Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin jefa ƙuri'a.

A yau

Motoci na bi ta kanta har yanzu. A 2013 aka sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma duk watan Maris ana taruwa a tsallaka ta da ƙafa. A Yulin 2020 an ƙetara da gawar Lewis ta kanta a keken doki.

Taƙaddama kan suna

Wasu na son a cire sunan Pettus, wasu kuma na ganin a bar shi yadda tarihi ya san shi.