Tudun Kokos

Tudun Kokos doguwar tunga ce a ƙarƙashin Tekun Fasifik. Ta taso daga wajen tsibiran Galafagos, ta miƙe arewa maso gabas kimanin kilomita 1,000, har ta ci karo da gaɓar kudancin Kosta Rika a zirin ƙasar Osa. Narkakken dutsen da ke ɓulɓulowa a Galafagos ne ya gina ta. Ɓawon ƙasarta ya kai kaurin kusan kilomita 20, wajen ninki uku na ƙasan teku da aka saba gani. A duk tsawonta, Tsibirin Koko kaɗai ya leƙo saman ruwa.

Farantin Kokos, wato ɓangaren ɓawon ƙasan teku da tudun yake kai, yana kutsawa ƙarƙashin Amurka ta Tsakiya da saurin santimita 8 zuwa 9 a shekara, amma tudun ya yi kauri da rashin nauyi, ba ya nutsewa cikin sauƙi. Sai ya riƙa tokare gaɓar. Dogon ramin teku da ke bin gaɓar, wanda zurfinsa ya zarce mita 6,000 a gefen Gwatamala, a gaban Osa bai wuce kimanin mita 2,000 ba. Tsaunukan Talamanka na kudancin Kosta Rika sun ɗagu, ƙololuwarsu Chirripó ta kai kimanin mita 3,820. Jerin duwatsu masu aman wuta kuma ya yanke: daga dutsen Turrialba na Kosta Rika babu wani mai rai sai Baru a Fanama. A girgizar ƙasar Limon da ke Kosta Rika, ta 22 ga Afrilu 1991, gaɓar Karibiyan ta tashi fiye da mita ɗaya, murjanin da ke cikin ruwa ya wayi gari a rana.

Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne laka. Tudun yana kankare gindin gaɓar daga ƙasa, wurin ya lotsa, yayin da Kogin Terraba ke kwaso yashi da taɓo daga tsaunukan da tudun ya ɗaga yana cike lotsawar. Ƙananan tsaunukan teku da ke gefensa ma sukan bar kwari a jikin gangaren gaɓar bayan sun shige ƙarƙashinsa, gefensu ya zaftare.

Jirgin bincike JOIDES Resolution ya haƙa rijiyoyi a gaban Osa a 2011 da 2012, aka tarar da laka mai kaurin ɗaruruwan mita da ta taru cikin shekara kusan miliyan biyu kacal. Lokacin da karon tudun da gaɓar ya fara kuwa, har yanzu masana ba su daidaita a kai ba.